Izu Huɗun da Suka Rage

Salamu alaikum 'yan'uwa. Wata goma ke nan ban ce uffan a shafin nan ba. Masu cewa na samu duniya na daina kula mutane, Allah Ya shirye ku, kwance nake.

Shekara uku ina rubuta Alƙur'ani da ka, da hannuna, kamar yadda mahaifinmu Alaramma ya rubuta nasa. Izu hamsin da shida na gama, saura huɗu.

Wata Asabar da hantsi ina zaune a zauren gidana a Limawa, na tsoma alƙalami a tawada sai ya suɓuce. Na ɗauka, ya sake faɗuwa. Na buɗe baki in kira matata Hauwa, abin da ya fito ba magana ba ce.

A asibiti likita ya auna ni, ya dubi Hauwa ya ce, "Tun yaushe yake da hawan jini?" Ba ta sani ba, ni ma ban sani ba. Ashe ciwon kan da nake ta sha wa farasitamol shi ne.

Aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwa, aka ce shanyewar ɓarin jiki ce, ɓangaren dama. Kwana goma sha tara na yi a gado. Baki ya dawo, ƙafa ta fara jan jiki, hannu kuwa yana nan reto kamar tsumma.

A ɗakin gashin ƙashi aka haɗa ni da Madam Rifkatu, 'yar Filato. Ta ce bayan motsa jiki, kullum sau uku in rufe ido in ga hannun nan yana aikin da ya fi sani.

Raina ya ɓaci. Na ce, "Madam, gashi na zo yi, ba mafarki ba."

Ta ce, "Malam, ƙwaƙwalwarka ce ta manta hanyar zuwa hannun. Tuna mata za mu yi."

Ana haka Alaramma ya zo daga Jahun duba ni. Shi yake bin kowane falle da na rubuta yana neman kuskure, ga shi idonsa ya fara dushewa. Ya ɗaga hannuna, ya saki, ya faɗi. Ya ce, "In azumi ya kama bai tashi ba, Sani ya ƙarasa. Ina so in duba da idona tun ina gani."

Sani ƙanina ne, hannunsa ma ya fi nawa kyau. Amma a gidanmu Alƙur'anin da hannu biyu ya shiga ba a cewa wane ya rubuta. Wallahi ranar na yi kuka, ban ɓoye wa Hauwa ba.

Na dage da rufe ido, asuba, azahar, la'asar. Mako shida, ko ɗan yatsa bai motsa ba. Tsoro ya hana ni cin abinci.

Rannan Madam ta ce, "Wai in ka rufe idon me kake gani?"

Na zayyana mata. Ranar walimar kammalawa, an shimfiɗa tabarmi, malamai sun zo har daga Kafin Hausa, Alaramma ya ɗaga gafakar fata da Alƙur'anin a ciki, ana ta kabbara.

Ta riƙe haɓa. "Kai Malam! Mako shida kana cin walima? To hannun yana ina?"

A duk hoton nan hannuna bai taɓa fitowa ba, yana cikin babbar riga.

Daga ranar na canja. In na rufe ido yatsu uku kawai nake gani a kan alƙalamin kara. In tsoma, in kakkaɓe ɗigon, in ja alifi daga sama zuwa ƙasa har in ji ƙarar karan a takarda. Alifi ɗaya tak, sai in buɗe ido in gwada da gaske. Na matsa ƙwallon roba, na tsinci wake ɗaiɗai har na tsani wake. A mako na uku babban yatsa ya yi ɗan motsi.

Saura kwana tara azumi sai ga Sani, kansa a ƙasa. "Yaya, Baba ne ya aiko ni in karɓi gafaka."

Na daka masa tsawa, alhali ba laifinsa ba ne. Na ce Hauwa ta kawo tawada. Ta naɗe alƙalamin da ƙyalle don ya yi kauri, ta cusa mini tsakanin yatsu. Gumi ya jiƙa mini riga. Na rufe ido na ja alifin a raina, na buɗe, na ja shi a takarda.

Ya fito a karkace, amma ya fito.

Sani ya bar gafakar, ya tafi da guntun takardar. Da yamma Alaramma ya kira ni a waya ya ce, "Ban taɓa ganin mummunan alifi irin wannan ba. Ci gaba."

Wata biyar na yi a kan izu huɗun nan, wani lokaci layi biyu a wuni. Uku Alaramma ya duba da kansa. Kafin in kai ƙarshen na huɗu idon ya tafi gaba ɗaya. Sani ya karanta masa, shi kuma yana shafa takardar da yatsunsa. Na ce in hannu ya ƙara ƙwari zan sake rubuta su da kyau, ya ce kar in kuskura.

Alhamdu lillahi. Hauwa, Sani, Madam Rifkatu, da duk wanda ya yi mini addu'a, Allah Ya saka muku da alheri.

Ku riƙa auna jininku ko kuna jin lafiya. In baki ya karkace ko hannu ya saki, asibiti nan take, ban da jira. Mai jinya kuma kar ya bar gashi da magani. In za ka hango burinka a zuci, hango aikin da hannunka zai yi yau, ka bar ranar taro. Da ban ɓata mako shidan nan ina walima ba, da Baba ya ga izun ƙarshe da idonsa.