Farin da ya kwanta a kan jinin Habu

Ranar da aka zarge ni da barin sabulu a tib, har yau ba ta fita raina ba. Ku yaran labo, ɗakin awon jini, na yanzu ba ku san aikina ba. Ni ne mai wankin tib, kwalaben nan da ake ɗibar jini a ciki. Lakwal, makarantar boko, aji uku na yi, don haka ina ganin kaina mataimakin likita, ko da yake ba wanda ya naɗa ni.

Ka'ida ce a asibitinmu na Zinder, in za a ƙara wa mara lafiya jini, dangi su kawo mai bayarwa, a fara auna nasa. Wata Laraba bayan girbi Habu ya zo daga Garagumsa, ƙato, manomin gyaɗa, zai ba wa ƙanensa. Aka ɗiba, aka ajiye. Jini in ya zauna, ja yakan kwanta ƙasa, sai wani farin layi siriri kamar zare a kansa. Na Habu farin ya kai kaurin yatsa.

Majo, shugabanmu, ya ɗaga tib ɗin ya ce, "Baba Ila, sabulu ka bari! A zubar, a ce su kawo wani."

Na ce, "Ranka ya daɗe, rigata ma sau ɗaya nake ɗauraye ta, tib sau uku."

Aka yi dariya, aka sallami Habu. Ni kuwa na hau keke sai tasha. Na iske shi har ya shiga motar Takieta, hanyar garinsu.

Ya ce, "Baba, lafiyata lau. Saifa ce kawai, wanzaminmu na yi mini ƙaho duk shekara."

Ya ɗaga riga. Hagun cikinsa a kumbure, duk tsagar aska.

Na ce, "Sauko, ɗana, mutuncina na cikin jijiyarka."

Aka sake ɗiba da sabon tib. Farin ya dawo. Majo ya duba a madubin awo, ya daɗe bai ɗago ba. Fararen ƙwayoyin jini ne suka yi yawa ƙwarai, ciwon da ke cin mutum yana tsaye yana noma. Aka tura Habu Yamai. Ya samu magani, ya ƙara damina da dama.

Gaskiya, don wanke kaina na bi shi, ba don tausayi ba, kuma wannan na damuna har yau. In awo ya fito a karkace, ku sake shi kafin ku nemi mai laifi. Mai jinin yana tasha, mota kuma ba ta jira.