Murhun da ke cikin ƙirjin Rhissa

Rhissa mutumin Gougaram ne, makiyayi, kuma taurin kansa ya fi na raƙumi. A lokacin fari na shekarar tamanin da huɗu, da ciyawa ta ƙare, ya riƙa yanka 'yan awakinsa ranar da aka haife su, don kada shan nono ya ƙarasa uwayen. Yana yi yana hawaye. Uwaye shida kaɗai suka tsira. Ya tattaro ya shigo Arlit ana tsakiyar sallamar ma'aikatan ma'adini, da ƙyar ya samu gadin wani gareji. Shekara ashirin da 'yan kai yana shaƙar ƙurar manyan motoci, har 'yarsa Madina ta kai karatun likita a Yamai.

Shekarar da tawaye ya dawo aka binne nakiyoyi a hanya, tari ya kama shi har da jini. Kansar huhu ce. Saura wata uku jarabawar ƙarshe, Madina ta watsar da karatu ta biyo ayarin motocin da sojoji ke rakiya. Ta rantse ba ta komawa muddin yana kwance.

Wata safiya ya ce, "Ke da kin yi lakwal, kin sha boko, mi ke cin ƙirjina?"

Ta gyara zama. "Abba, jiki ƙananan ƙwayoyi ne. Cikin kowace akwai ɗan murhu mai ba ta ƙarfi, mitokondiriya sunansa. In ƙwaya ta lalace, murhun ne ke tsagewa ya saki abin da zai kashe ta, don sauran jiki ya rayu. Naka sun lalace amma sun ƙi mutuwa, suna cinye rabon masu lafiya."

"Ashe jiki ma ya iya kiwo," in ji shi. Madina har da dariya, wai tsoho ya gane darasi. Kaico, ya gane fiye da kima.

Jibin ranar ta dawo daga karɓo magani ta tarar da tabarma a naɗe. Maƙwabcinsu Fatahu ya kasa haɗa ido da ita. Rhissa ya hau motar Gougaram, ya bar sallahu: "Ta koma ta yi jarabawa. Ba ni ƙarasa ta."

Sojoji suka rufe hanyar Gougaram washegari, ba damar ta bi shi. Kwana goma sha tara ya yi a bukkar ƙanwarsa, rai ya yi halinsa.

Madina ta koma Yamai ta ci jarabawar. Yau ita ke duba masu tari a Arlit, tana yi masu bayanin komi dalla-dalla. Amma in tsoho ya tambaye ta abin da ke cin ƙirjinsa, sai ta leƙa ta ga ko 'yarsa na bakin ƙofa, ta ce, "Baba, ciwo ne kawai."