Yadda Yaya Dogara Ya Ɗinke Kundin Baba

Yayana Dogara masinja ne a ofishin En'e, wato hukumar gargajiya ta Keffi, tun shekarar da aka samu mulkin kai, kuma da masinjancin ya yi ritaya. Ba a taɓa ƙara masa girma ba, shi ma bai taɓa tambayar dalili ba. Dogo ne, marar magana, irin mutumin da in ka gaishe shi sai ya yi ɗan tunani kafin ya ce lafiya lau. Abu ɗaya Allah Ya jarabce shi da shi: ba ya iya ganin takardu biyu a warwatse bai ɗinke su ba.

A wurin Malam Gamaliel ya kwaso wannan ciwo, wani malamin firamare maƙwabcinmu a Gangaren Tudu, wanda yake gyaran littattafan waƙoƙin cocinsu a ƙofar gida ran Asabar. Wata rana da hantsi Baba ya aiki Yaya sayen kananzir, sai Yaya ya tsaya kallon gyaran littattafan. Kananzir bai iso gida ba sai bayan la'asar. Daga ranar Yaya ya mallaki basilla, da zare, da dunƙulen kakin zuma na murza zaren, ya fara dama kunun rogo na manne kwali. Da kyankyasai suka cinye masa littafin farko saboda daɗin rogon, sai ya koma zuba ruwan maɗaci a ciki. Kyankyasan suka koma kan tuwonmu.

Ba sana'a ya mai da abin ba, don ko sisi ba ya karɓa. Ya ɗinke tsofaffin jaridu, da littattafan 'yan makarantar unguwa, da katunan asibitin matarsa Huraira, waɗanda ya yi wa bango na jar fata har ma'aikacin asibitin ya ƙi karɓa, ya ce ya fi ƙarfinsa. Dutsen niƙan Huraira shi ne madanninsa. Sau da yawa za ta jiƙa gero ta zo ta tarar dutse yana kan littafi, Yaya ya ce sai jibi. Da aka yi wa ma'aikata rabon kuɗin Udoji, abokan aikinsa suka sayi rediyo da babur, shi ya sayo fatun akuya goma sha biyu. Da siminti ya cika gari kuma ya riƙa bin wuraren gini yana tsintar takardar buhu, wai ta fi kowace takarda ƙwari a cikin bango.

Abin dariyar, ba ya karanta abin da yake ɗinkawa. Bokonsa bai wuce lambobi da sunayen ofisoshi ba, karatun allo kuwa ya tsaya daidai inda zai yi salla. Amma sai ya bi lambar shafi sau uku kafin ya soka basilla. A shekara goma sha bakwai ba wanda ya taɓa dawo masa da littafi ya ce shafi ya tsallake.

Takarda ɗaya ce a gidanmu ba ya taɓawa, kundin Baba. Mahaifinmu Malam Dabo mai magani ne, kuma duk abin da ya sani yana cikin wannan kundi da rubutun hannunsa na ajami: magungunan yara da na dabbobi, da addu'o'i, da yadda ake gane ƙasa mai ruwa kafin a haƙa rijiya, har da ranakun haihuwarmu. Warƙa ɗari biyu da hamsin ne, sakakku, ba ɗinki ba lamba, a jere cikin gafaka kamar yadda malamai suke ajiye nasu. Da yanar ido ta hana Baba gani, ni Zulaihatu, autarsa, nake zuwa kullum da safe daga gidan mijina in karanta masa, in haɗa abin da ya ce in haɗa. Shekara tara muna haka. Matan unguwa har sun daina cewa za su wurin Malam, sai su ce za su wurin Zulai.

Da Baba ya rasu, babban yayanmu Idris ya zo daga Jos, inda yake kwangila, a cikin sabuwar motarsa fijo. Tun ran sadakar uku ya faɗi abin da yake so. Ya ce gona da gida duk yadda aka yi daidai ne, amma kundi a raba shi warƙa-warƙa kamar yadda aka saba, kowa ya samu albarkar Baba. Mu uku ne, maza biyu da ni, wato ɗari nasa, ɗari na Dogara, hamsin nawa. Ya ce zai sa wasu a aljihun mota, wasu a ofis. Wato farkon maganin tarin yara ya tafi Jos yawo, ƙarshensa yana Keffi.

Na shiga madafi na yi kuka mai isata, don na san da warƙa hamsin ko ciwon ciki ba zan iya yi wa magani ba. Na fito na samu Yaya Dogara yana murza zare, na zazzage masa komai, na ce shi ma namiji ne, ya buɗe baki ya yi magana. Ya saurare ni har na gama. Ya ce, "To." Na ce a raina, Allah Ya ba ni yayye biyu, ɗaya ba ya ji, ɗaya ba ya faɗa.

Aka sa rabo bayan sadakar arba'in. Yaya ya ɗauke gafakar ya kai ɗakinsa, wai saboda gara. Huraira ta ce a kwanakin nan a gidan maƙwabta take niƙa, ban kawo komai a raina ba.

Ran rabo da hantsi muka zauna a zaure gaban Malam Sale, limamin unguwa. Aka gama da gona, aka gama da gida. Liman ya ce a kawo kundi. Yaya ya tashi ya dawo da littafi mai kauri, bango jar fata, an yi masa zane da tsinin ƙusa, ya ajiye a kan tabarma.

Idris ya ce, "Mene ne wannan?"

Yaya ya ce, "Kundi."

"Wa ya sa ka?"

"Ba kowa."

Liman ya juya littafin, ya ce wannan kam ba ya rabuwa sai da wuƙa, shi kuwa ba ya sa wuƙa a takardar da ke da sunan Allah. Yaya ya ƙara da cewa ya manne warƙoƙin biyu-biyu da ƙyalle kafin ya ɗinka, in aka yanke ɗaya, 'yar'uwarta za ta faɗo. Wannan ce magana mafi tsawo da na ji ya yi a shekarar.

Idris ya ce ba komai, tunda ba ya rabuwa, shi ne babba, zai ɗauka gaba ɗaya, a daidaita mu ta wajen gona. Da ina da hamsin, yanzu ko ɗaya babu, kuma ɗan'uwana ne ya yi mini da basillarsa.

Idris ya ja littafin ya buɗe tsakiya, don ya iya ajami daidai gwargwado. Ya karanta a fili: maganin tarin yaro, a samu saiwa kaza, a jiƙa ta kwana, da safe a kama yaron. Ya juya shafi. A ɗaure shi a turke kwana uku, kada a ba shi dusa. Ya ɗago ya dubi Yaya, ya buɗe wani wurin. Ga ranar haihuwarsa shi kansa, an haifi Idrisu ran Talata, shafi na gaba ya ce in an tona kamu huɗu ba a ga danshi ba a mayar da ƙasa a bar wurin. Liman ya yi tari. Idris ya buɗe wuri na uku da na huɗu, duk kanwar ja ce.

Ya ce, "Ka kashe littafin nan, Dogara. Wanda ya yi magani da wannan sai ya yi kisan kai." Ya ture shi da bayan hannu. "Na yafe. A ba Zulai ta yi matashi da shi."

Yaya ya ce, "Ni ma na yafe."

Haka kundi ya zama nawa, a hargitse. Idris na tada mota na juya kan Yaya. Na ce shekara goma sha bakwai yana ɗinke takardun banza bai taɓa kuskure ba, sai da ya zo kan gumin Baba. Na ce har da lambobi ya bi ya sa da fensir a gindin kowane shafi, an yi wa ɓarna ado. Na faɗi wasu maganganun da ba zan maimaita ba. Ya ce, "Sauri na yi."

Damina biyu ban yi masa magana ba, in ban da gaisuwa, ita ma a tsaye. Kundin kuwa ya yi mini aiki, don ni na san shi kamar tafin hannuna. Na san ci gaban tarin yaro yana warƙar da ɓera ya ci wa kusurwa, ci gaban ciwon ido yana wadda Baba ya ɗiga wa man ja. Wata guda na yi ina nemo su. Matan unguwa suka ci gaba da zuwa. Duk shafin da na juya sai na yi tsaki na ambaci Yaya. Daga baya muka shirya, irin shirin 'yan'uwa, ba wanda ya ba wani haƙuri.

Shekarar da ya yi ritaya, wata rana da hantsi ya yi sallama a gidana, ya zauna a bakin tabarma, ya sha ruwa. Ya ciro wani ɗan littafi da bai fi tafin hannu ba, shi ma jar fata, ya miƙo mini. Na buɗe, ba komai sai lambobi layi biyu, da rubutunsa na masinja.

Na ce, "Yaya, na mene ne?"

Ya ce, "Na kundi. Na dama shafin da kike, na hagu inda ci gabansa yake. Kafin in gauraya na rubuta."

Na ce, "Kafin ka me?"

"Kwana huɗu na yi ina gaurayawa, don kada biyu su zauna kusa da juna. Ban san inda Idi zai buɗe ba." Ya gyara hula. "Ke ba ki buƙata. Na wanda zai gaje ki ne."

Kunya ta rufe ni, na tuna duk abin da na faɗa masa a zaure, hawaye suka zubo. Sannan na ce me ya hana shi gaya mini tun a lokacin, ya bar ni ina zaginsa damina biyu.

Ya ce, "Bakinki, Zulai. Da kafin la'asar an ji a Jos."

Ya tashi ya sa takalmi, ya ce Huraira na jiran dutse. Bayan ya fita na ɗauko kundin na zauna a tsakar gida, na bi lambobin nan ɗaya bayan ɗaya, ɗari biyu da hamsin, ina neman kuskure ko guda ɗaya don in samu abin faɗa. Har aka kira azahar ban samu ba.