Guru Punnayya, Wanda Ya Sa Gurgu Rawa

Ranar Laraba, tara ga watan Oktoba, ina zaune a kan kekena na guragu a bakin shago, ƙanwata ta zo ta tsaya. Da na dubi fuskarta na gane. Guru Punnayya, malamin rawa na garinmu Kuchipudi a ƙasar Indiya, ya rasu bayan doguwar jinya.

Guru, a bakinka muka fara jin asalin rawarmu, a barandar nan taka mai ƙamshin man kwakwa. Ka ce wani saurayi maraya ne ya faɗa kogin Krishna lokacin ambaliya, zai haye ya ɗauko amaryarsa. A tsakiya ruwa ya fi ƙarfinsa, ya yi alkawari idan ya tsira zai bar duniya ya bauta wa ubangiji Krishna. Ya tsira, ya tsara rawar matar Krishna mai kewar mijinta, ya kuma ɗauki alkawarin kakanninmu cewa kowane ɗa namiji zai ɗaura sari, zanen matanmu, ya taka ta, ko da sau ɗaya a rayuwarsa. Kai kan ba da labarin kamar kana bakin kogin ranar, har da tsawatar wa saurayin don gangancinsa.

Ni kuwa shan inna ta cinye mini ƙafafu tun ina rarrafe. Sa'o'ina duk suka ɗaura akayau suka sauke alkawarinsu, ni ina gefe ina tafa musu. Mahaifiyata ta sa abin a ranta har ta rame, don ni kaɗai ne namiji a gidan, kuma tana ganin mu ne za mu fara saɓa wa waliyyin, wato saurayin nan na kogi. Dattawa suka ce a ƙyale ni, wanda ba ya tsayawa ba ya rawa. Da tausayi suka faɗa, tausayin kuwa ya fi zagi ciwo.

Wata safiya sai ga ka a gidanmu, ka zauna aka zuba maka shinkafa da yajin mangwaro, ka cinye tas kafin ka yi magana. Ba ka taɓa barin magana ta ɓata maka abinci ba.

"Somu, malalaci," ka ce mini, "gobe ka zo koyo."

"Guru, da wace ƙafar?"

"Shi da ruwa ya kai masa wuya, a kan me ya tsaya? Ido da hannu kawai suka rage masa a sama. Kai ma kana da su, ga ƙaton baki ƙari."

Ka wahalar da ni, Guru, ba zan ɓoye ba don ka mutu. Girata kaɗai ta sha sandarka wata da watanni. Ka ce kallon kewata ya yi kama da na mai ciwon haƙori. Amma ranar bikin haikali kai da kanka ka ɗaura mini sari, ka saƙala mini doguwar jelar kitso, ka zaunar da ni a kan kujera a bayan labule. Akayau ɗin a wuyan hannuna ka ɗaura su. Aka janye labule, ka ɗauki waƙa, na nemi mijina da ido a cikin taro har wata tsohuwa ta waiga bayanta ta ga ko ya iso. Daga ranar mahaifiyata ta koma cin abinci.

Da ɓarin jikinka ya shanye bara, harshe ma ya ƙi, na zo duba ka ina jin tsoron abin da zan tarar. Ka ƙura mini ido har na gane, na rera maka waƙar da muryata marar daɗi. Girarka ta ɗaga, idonka ya bi ƙofa yana neman wanda bai zo ba. Ban taɓa ganin an taka rawar nan da kyau haka ba. Da na kuskure baiti, ka harare ni.

Bayan an ƙona gawarka bisa al'adarmu, mun zuba tokarka a kogin da saurayin ya haye. Ubangijin da ka yi wa rawa ya ji ƙanka, ya karɓe ka kusa da shi. Ya ba matarka Bhramaramba da 'ya'yanka da almajiranka haƙuri. Akayau ɗinka suna wurina, Guru, kuma akwai wata yarinya a unguwarmu da ke tafiya da sanda. Na ce mata gobe ta zo koyo.