Ƙofa Ta Goma

Yayana mai gyaran keken ɗinki ne. Shekara talatin da ɗoriya yana zaune a shago ɗaya, a ƙarƙashin matattakalar wani bene, inda in ka miƙe da gaggawa sai kanka ya gaisa da siminti. Teloli kan kawo masa kan keke a rungume kamar yaro mai zazzaɓi, ya juya hannun sau biyu, ya kasa kunne, ya faɗi ciwon tun bai kwance ko ƙusa ɗaya ba. Ba ya tsoron mai gidan haya, ba ya tsoron allurar asibiti, har kare na ga ya kora da tsintsiya. Abu ɗaya na san yana sa shi zawo, shi ne matar nan mai jaka da ke ƙwanƙwasa masa ƙofa duk bayan shekara uku.

Sai na fara da yarinyar, don ita ce tushen maganar. Muna da babban wa da ya rasu a hatsarin mota tare da matarsa, suka bar jaririya 'yar wata bakwai. Yaya da matarsa ba su taɓa haihuwa ba, suka ɗauke ta, suka koma unguwar da ba wanda ya san su. Da ta fara magana ta ce masa Baba, ya amsa. Matarsa ta roƙe ni kada in faɗa, ni kuma na yi shiru, abin da ba halina ba ne. A makaranta da sunan kakanta aka rubuta ta, ba wanda ya yi ƙarya, ba kuma wanda ya faɗi gaskiya. Muna ce mata Lauya, saboda tun tana tatata ba ka ba ta amsa ta ƙyale ka.

Tana da shekara uku wasu masu bincike suka zo. Wai suna nazarin yadda iyalai ke rayuwa a birni, abin da suke ci, aikin da suke yi, karatun yara, lafiya. Ba za su iya shiga kowane gida ba, don haka suka tsaya a bakin famfon kan layi suka ƙirga ƙofofi, duk ta goma sai su shiga. Ƙofar Yaya ce ta goma. Ya sha cewa da mai wankin da ke maƙwabtaka da su bai raba ɗakinsa biyu ya fitar da sabuwar ƙofa ba, da ƙirgen ya tsallake shi.

Mai jakar ta karanta masa takarda. Ba dole ba ne, sunansa ba zai fita ba, lamba za a sa masa, duk abin da ya faɗa ya tsaya tsakaninsa da su. Ya sa hannu. Sai ta fara jera mutanen gida, ta zo kan yarinyar.

"Wannan fa, Malam, 'yar cikinka ce ko ta riƙo?"

Da ta ce "'yarka ce?" da ya ce e, ya wuce, bai yi ƙarya ba. Amma an rubuta tambayar ne yadda ba ta da ƙofar baya, kuma an hana masu tambayar su canza ko kalma ɗaya. Yaya bai iya ƙarya ba, ko teloli sun san in keke ya mutu zai ce ya mutu. Ya sunkuyar da kai ya faɗa mata. Ta rubuta lamba a wani ɗan akwati, ta wuce tambayar gaba, ta ruwan sha.

Bai san za su dawo ba, ko kuwa an faɗa masa hankalinsa na wani wuri. Binciken irin wanda ake bin gida ɗaya ne shekara da shekaru, a ga abin da ya canza. Kuma duk zuwa, abin da suke fara yi shi ne su karanto jerin mutanen gida da ƙarfi, kowa da matsayinsa, su tambaya ko har yanzu yana nan.

Daga nan Yaya ya shiga uku. Mako guda kafin su zo sukan aiko da sanarwa, shi kuma daga ranar abinci ya daina wuce masa. Sai ya ɗauko Lauya ya kawo mini da jakar kayanta, ya ce ta yi kewar goggonta. Zuwa na uku, tana 'yar tara, ta manta littafinta ta koma gida da gudu ban sani ba. Ya ce yana jin takunta a soro, matar kuma ta kai kan layin da sunanta yake. Tari ya ƙirƙiro, ya yi ta yi har ya zama na gaske, sai da aka ba shi ruwa. Da ya zo yana ba ni labari, ya kasa zura zare a allura, shi da ke yi ido rufe.

Na ce masa, "Yaya, ai sun ce in ka ga dama ka fita. Ka ce ka gaji mana."

"In na fita, takardar tana nan. Gara ina ganinsu, na san inda maganar take."

"To ka faɗa wa yarinyar ka huta."

"Ke ba ki da hankali. In ta ce mini Baffa fa?"

Abin da yake tsoro ke nan, ba wani abu ba. Kalma ɗaya. Da matarsa ta rasu, Lauya na shekara goma, tsoron ya ninku, don in ka cire ni, duk duniya ba mai ce masa komai da ya wuce "Mai-keke" sai ita. Har tashi ya yi daga gidan ya koma bayan kasuwa, ya ɗauka ya sha. Ya manta tun zuwan farko sun karɓi adireshin ɗan'uwan da za a tambaya in an rasa shi, kuma nawa ya bayar. Suka zo suka yi sallama da ladabi, ni kuma na ɗauka ya san da su, na raka su har ƙofa. Wata biyu bai yi mini magana ba.

Bana Lauya ta cika sha takwas. Sanarwa ta zo da ƙarin layi: duk wanda ya kai sha takwas a gidan, za a yi hira da shi shi kaɗai. Ita ta karɓi takardar a hannun mai kawowa, ta yi ta murna, wai a ƙarshe za a tambaye ta ra'ayinta a gidan nan. Yaya ya kira ni ya ce in zo ranar.

Wadda ta zo yarinya ce, ba ta fi Lauya da shekara biyar ba, da 'yar kwamfuta a hannu maimakon takarda. Ya tare ta a waje.

"'Yata, don Allah, ni na janye. Mun fita."

"Kai za ka iya fita, Baba, ba mai hana ka. Amma ita yanzu babba ce, ita ke da e ko a'a ɗinta."

"Akwai abin da na faɗa muku tun tana ƙarama."

"Na gani. Wallahi ba zai fito daga bakina ba. Jerin mutanen gida ma ba zan karanta a gabanta ba. Abin da ke rubuce zan tambaye ta, abin da ta faɗa in rubuta."

Suka shiga ɗaki suka tura ƙofa. Ni da Yaya muka zauna a kan benci a tsakar gida, rana na dukanmu, bai ko matsa inuwa ba. Minti arba'in. Duk dariyar da ta fito daga ɗakin sai ya saki numfashi, duk shirun da ya yi tsawo sai ya kama gwiwata. Ni ma tsoro ya kama ni, ba zan ɓoye ba, na yi ta tuna cewa shekara goma sha takwas ina cikin wannan maganar dumu-dumu.

Da suka fito ya bi mai tambayar har bakin titi. "Me ta ce? An tambaye ta ubanta?"

"Baba, alkawarin da aka yi maka shi aka yi mata."

Ya dawo ya zauna. Lauya na wanke kofuna tana ba mu labarin tambayoyin, wai har an tambaye ta ko mahaifinta na raye. Ta yi dariya ta ce, "Na ce ga shi can a benci yana gumi kamar mai jiran sakamako." Na ga Yaya ya runtse ido. Daga baya ya ce mini abin da ya kasa haɗiyewa shi ne, a wani ofis akwai mutanen da ba su taɓa ganin fuskarta ba, za su ɗora amsarta kusa da tasa su ga wadda ba ta san kanta ba.

A take ya ce mata, "Ajiye kofin nan, zo ki zauna."

Ya faɗa mata duka. Ba ta yi kuka ba. Lauya da ba ta taɓa rasa tambaya ba, guda ɗaya ta yi.

"Wa ya sani?"

"Goggonki. Da masu binciken nan."

Ta ɗauki mayafinta ta biyo ni gida. Kwana huɗu tana ɗakina, ba ta ce mini uffan ba, ni ma da laifina. A na biyar ina tankaɗe ta zo ta tsaya a kaina.

"Goggo, ba riƙon ne ya dame ni ba. Wa ya goya ni zuwa asibiti, wa ya sayar da kekensa ya biya mini jarrabawa? Na sani. Amma baƙuwa ta shigo da jaka, minti biyar, ya faɗa mata. Ni shekara sha takwas ina cin abinci a kwano ɗaya da shi."

Na ce, "Ita tambayarsa ta yi. Kuma ita in ta tafi ta tafi, ba abin da zai rasa."

Lauya ta koma ɗaki. Da la'asar ta haɗa kayanta, na bi ta a baya ba ta ce in koma ba. Muka tarar da shi a shago, ya kwance wani keke ya baza kayan cikinsa a kan tire, da gani ya daɗe bai taɓa su ba. Ya ɗago ya gan ta, ya miƙe da sauri har ya buga kai da simintin da ya sani shekara talatin. Ta tsaya a bakin ƙofa. Na ga bakinsa na motsi, yana jiran abin da za ta kira shi.

Ta ce, "Ba ni makullin gida."

Ya laluba aljihu ya ba ta. Ta juya ta tafi, ba ta ce Baffa ba, ba ta ce Baba ba. Yau kwana goma sha ɗaya ke nan tana dafa masa abinci, tana wanke masa kaya, tana yi masa magana ba tare da ta kira shi komai ba. Kullum da safe in ta buɗe baki sai ya daina tauna.