Kajin Fanna

Malam Ilu mai wankin hula maƙwabcina ne a unguwar Sheshe. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, ita ma ta zaizaye har ina hango tsakar gidansa. Tun yana saurayi sana'arsa ke nan, kuma magana ba ta dame shi ba. Matarsa Fanna, Babarbariya, ita ce bakin gidan, ita ce kuma mai kaji.

Kai, Fanna da kajinta! Da hantsi za ta tsaya da kwanon tsaki tana "kur-kur-kur, ku zo 'yan gidana", su yi ta dirowa daga soro da lungu. Sai sun ƙoshi ta share ragowar tas. Kafin magariba ta kife kaskon ruwansu, tsakin kuma yana cikin garwa mai murfi. Maganin ɓera bai taɓa shiga gidanta ba. Takan ce mini, "Yaya Ummi, in bai samu na ci ba, da kansa zai ƙara gaba. Me zai sa in ɗauki alhakinsa?"

Da ta rasu, kajin suka ƙi Malam Ilu. Ya kira, ko waiwaye.

Wata safiya ina tankaɗe na ji muryar Fanna ta bayan katanga tana kiran kaji. Innalillahi! Rariyar ta suɓuce mini. Da na leƙa, Malam Ilu ne riƙe da waya, kaji sun kewaye shi. Ashe 'yarsu Bahijja ce ta turo masa wani tsohon saƙon murya, inda uwar ta katse hira ta juya tana kiransu.

Shi ke nan, kullum sai Fanna ta yi kira. Da farko sau ɗaya ne. Daga baya ya koma maimaitawa, kuma duk kunnawa sai ya ƙara watsa tsaki, don kunya yake ji a ce murya kawai yake saurare. Kaji su ƙoshi su watse, tsaki ya kwana a ƙasa, ruwa ya kwana a kasko.

Ɓeraye ma kunne gare su. Wallahi da idona na gani, da rana tsaka: muryar na tashi, suka dinga fitowa daga gindin katanga suna amsa kiran matacciya. Suka fara ɗauke 'yan tsaki ɗaya bayan ɗaya, har suka cinye ƙafar wata kaza mai kwanci.

Na ɗaga murya ta kan katanga. "Malam, ka ji tsoron Allah! Kajin nan amanarta ce, kuma suna ƙarewa a hannunka."

Washegari ya kulle kajin a akurki, ya kwaɓa gubar nan shinkafar ɓera da tsaki, ya ajiye a tsakar gida. Ɓerayen suka ƙi fitowa. Ya daɗe a tsaye da wayar a hannu, sannan ya danna.

"Ku zo 'yan gidana," in ji Fanna. Suka kuwa zo.

Da yamma na ji shi yana kwashe matattun ɓerayen da tsintsiya, yana kuka kamar yaro. Ni ma na yi kukan. Kajin sun tsira, yanzu ƙarar kwano suke bi. Bahijja ta tambaye shi ko saƙon na nan. Ya ce yana nan, amma ba zai iya sake kunna shi ba, don ya sa uwarta ta yi abin da ba ta taɓa yi ba tana raye.