Goggo Hajo da Kwalabe Goma Sha Tara

Kafin hantsi ya ɗaga, Goggo Hajo ta riga ta hura wuta a kusurwar tsakar gidansu da ke Ƙofar Gayan. Tukunyar ƙasa guda take ɗorawa, wadda ba a dafa komai a cikinta sai dauri, ruwan sassaƙe da saiwoyin nan da ake ba yara don ƙarfin jiki da cin abinci da sauƙin fitar haƙori. Takan wanke sassaƙen sau uku, ta zauna a kujera 'yar tsugunno tana iza itace har ruwan ya yi ja. In ya huce ta tace da farin ƙyalle, ta cika ludayi ta sha da kanta, sannan ta fara ɗurawa a kwalabe. Shekara arba'in da 'yan kai ke nan tana wannan aiki, tun daga ranar da kakarta ta miƙa mata shi.

Matan da ke zuwa sun san halinta. Jaririn da bai kai wata shida ba, ko uwarsa za ta yi kuka ba ta ba shi. "Nono ya ishe shi, ki koma gida," haka take cewa. Wanda ya kai kuwa sai ta ɗora shi a cinya, ta ja fatar idonsa, ta latsa ƙafarsa. In ta ga ido ya yi fari ko ƙafa ta kumbura, sai ta mayar wa uwar ɗanta ta ce asibiti za ta nufa yanzu, ba gobe ba. Da magungunan yara na Indiya suka cika shaguna, masu hoton jariri ɓul-ɓul a jikin kwali, ba ta tsaya zaginsu ba. In an kawo mata, sai ta sa surukarta Mariyamu ta karanta mata abin da aka rubuta. Wanda ba shi da lambar hukuma ta ce a mayar wa mai shago. Wanda yake da ita ta ce a zaɓi ɗaya, ko nata ko shi, kada a haɗa wa yaro biyu.

Duk wannan abin yabo ne, amma ba shi ya sa na ɗauki alƙalami ba. Wata Asabar ce, shekara shida da suka wuce. Ni Abdulwahab, ina cikin waɗanda abin ya shafa, kuma ni ne mutumin da ya faɗa mata magana mafi muni a wannan rana.

Ga yadda abin ya faro, kamar yadda Mariyamu ta ba ni labari daga baya. Ranar Juma'a da yamma Lado, mutumin ƙauyen da ke kawo wa Goggo sassaƙe, ya sauke buhu ya wuce. Goggo tana fama da mura a makon, hancinta a toshe. Da safe Mariyamu ta tafi gidan suna, don haka Goggo ita kaɗai ta dafa, ta sha ludayinta, ɗacin maɗaci ya rufe komai. Kafin ƙarfe sha ɗaya mata goma sha tara sun karɓi kwalabe sun tafi. Matata Raihana tana cikinsu, don 'yarmu Ibtisam, mai wata goma sha huɗu a lokacin, ta kwana uku tana ƙin abinci saboda haƙori.

Wajen sha biyu da rabi Mariyamu ta dawo, ta ɗauki buhun za ta kakkaɓe. Sai ta sake shi ta toshe hanci.

"Goggo, daga buhun nan kika dafa?"

"Daga shi. Me ya faru?"

"Warin maganin feshi yake. Dubi gindinsa, a jiƙe yake sharkaf."

Aka kira Lado a waya. Ya ce ya ɗaura galan ɗin maganin ƙwarin gonarsa a kan buhun a bayan babur, kuma da ya isa gida ya tarar ya ragu, ya ɗauka mai shago ne ya cuce shi.

Mariyamu ta ce Goggo ba ta yi salati da ƙarfi ba, ba ta zauna ba. Sai ta fara kiran sunayen matan ɗaya bayan ɗaya daga ka, da unguwar kowace, Mariyamu tana neman lambobinsu. An samu goma sha ɗaya a waya. Saura takwas: wasu ba su da waya, wasu ta ƙi shiga. Ta Raihana a kashe take, kwana biyu ba mu ga wuta ba.

Goggo ta yafa mayafi ta ce masallaci za ta, a faɗa a lasifika. Ɗan autanta Malam Aƙilu, mijin Mariyamu, ya tare ta a zaure.

"Inna, don Allah ki tsaya. Mu bi su gida-gida a asirce. In aka faɗa a lasifika sunanki ya ɓaci ke nan, 'yan sanda ma za su iya zuwa."

"Auta, gida takwas ne. Wanne zan fara, wanne zan bari ya jira?"

"Ni zan bi huɗu, Mariyamu ta bi huɗu."

"Ku bi. Ni ma zan bi tawa hanyar. Matsa."

An idar da azahar ke nan ta tsaya a ƙofar masallaci ta sa aka kira mata ladan, Malam Jumare. Shi da kansa ya gaya mini cewa ya so ya rufa mata asiri. Ya ce zai sanar cewa akwai wani dauri da ya gurɓace, ba sai ya ambaci suna ba.

Ta ce, "Malam, in ba ka faɗi sunana ba, kowace uwa za ta ce ba nata ake nufi ba, don nata daga hannun Hajo ya fito. Ka faɗa, ka maimaita sau uku."

Haka ya yi. Mutanen da ke ɗaura takalmi suka tsaya cak suna jin lasifika tana cewa duk wadda ta karɓi dauri yau a hannun Goggo Hajo kada ta ba ɗanta, akwai guba a ciki, wanda ya riga ya sha a kai shi asibiti. Ita kuma tana tsaye a bakin hanya kowa yana kallonta. Cikin rabin awa kwalabe bakwai suka dawo, wasu maƙwabta ne suka kai saƙo da gudu. Yara biyu sun ɗan lasa, aka wuce da su asibiti. Uwar da ta kawo ta bakwai ɗin ta jefo kwalbar a gaban ƙafar Goggo ta fashe. Goggo ta dubi fasassun ta ce, "Sha takwas. Saura ta Raihana."

Mu a Kwarbai muke, lasifikar Ƙofar Gayan ba ta kai mu. Goggo ta tare Keke Napep na wani mutum mai suna Bahago, ta shiga da buhun a hannu.

Ina zaune a tsakar gida ina gyaran fanka sai na ga tsohuwa ta faɗo ba ta jira amsar sallama ba, takalmi ɗaya a ƙafa.

"Raihana! Ina kwalbar?"

Raihana ta fito da yarinyar a kafaɗa. "Lafiya, Goggo? Na ba ta cokali biyu da na dawo, na ƙara mata biyu ɗazu. Barci ma take ji."

Sai a lokacin na dubi Ibtisam da kyau. Miyau yana zuba ya jiƙa rigar uwarta, goshinta ya yi gumi, numfashinta yana kurkur kamar akwai ruwa a ƙirjin. Tun ɗazu muna gani, mun ɗauka haƙori ne. Goggo ta buɗe idon yarinyar da yatsa, ƙwayar ta tsuke kamar bakin allura. Ta ce, "Guba ta sha, daga hannuna. Ku fito."

Mahaifiyata ta fito daga ɗaki da kwalbar manja tana cewa a ɗura mata ta yi amai. Goggo ta riƙe hannunta. "Hajiya, kada a sa mata komai a baki, shaƙewa za ta yi. Audu, ɗauke ta, Keke yana waje."

Ban taɓa sanin lungunan birni suna da tsawo haka ba. Ranar ɗaurin aure ce a wani gida, motoci sun cushe hanya. Bahago yana danna oda ba mai motsi. Goggo ta sauka da ƙafa ɗaya ba takalmi, tana dukan jikin motoci da tafin hannu tana cewa yarinya ce ba lafiya, har aka buɗa mana. Raihana tana kiran sunan 'yar, 'yar ba ta amsawa. Na ji jikinta ya saki a hannuna kafin mu fita ƙofar gari.

A asibiti likita ya tambaye ni me ta sha. Goggo ce ta ajiye buhun a gabansa, ta ce daga nan ta dafa, cokali huɗu yarinyar ta sha, na farko wajen sha ɗaya da rabi. Ta miƙa masa wayar Mariyamu da ta taho da ita, ga hoton galan ɗin da Malam Aƙilu ya sa Lado ya turo. Likitan ya duba sunan maganin, ya kira allurar da za a kawo, aka shige da Ibtisam.

Wata nas ta juyo kan Goggo. "Ku ne kuke kashe wa mutane 'ya'ya da jiƙe-jiƙenku!"

"Ni ce, 'yata. Je ki taimaka mata, in kin fito ki yi mini faɗan."

Ni ban ma kai nas ɗin haƙuri ba. Na tsaya a kanta a gaban jama'a na ce, "Wallahi in 'yata ta mutu ba zan yafe miki ba, duniya da lahira."

Ta ɗago ta dube ni. "Kana da gaskiya, Audu."

Ta jingina da bango, sai na ga tana zamewa ƙasa. Mayafinta ya jiƙe da gumi. Nas ɗin nan ce ta fara isa gare ta, tana tambaya ko ita ma ta sha. Goggo ta ce ludayi guda, tun da safe. Ashe tun a ƙofar masallaci take jin jiri da murɗar ciki, ta ƙi faɗa don kada a tsaya kanta.

Ibtisam ta buɗe ido washegari da hantsi ta nemi nono. Kwana biyar ta yi a asibiti, Goggo ta yi uku, sauran yaran biyu a ranar aka sallame su. Da za mu tafi likitan ya ce mini da mun ƙara awa guda a gida, ko kuma da mun zo ba tare da sanin abin da ta sha ba, da labarin ya zama wani.

Abin da Malam Aƙilu ya ji tsoro kuwa ya faru. An kira Goggo ofishin 'yan sanda ta yi bayani sau biyu. Wata takwas ba macen da ta taka gidan neman dauri. A gidajen biki ana nuna ta da baki. Ba ta taɓa cewa laifin Lado ne ba. In an tambaye ta sai ta ce ita ta dafa. Ta fasa tsohuwar tukunyar, ta sa doka cewa ba za a sake ɗora komai a wuta ba sai mutum biyu sun sansana, kuma ranar da take mura ba dahuwa. Raihana ce ta fara komawa, ba da sanina ba. Da na ji na yi faɗa, sai ta ce mini, "A cikin duk masu sayar da maganin yara a garin nan, nuna mini wanda zai hau lasifika ya tona kansa." Bayan kwana biyu na je na durƙusa a gaban Goggo na nemi gafara. Ta ce ba ta riƙe ni ba, ta tambaye ni haƙoran Ibtisam nawa yanzu.

Goggo, ke ce kika tsaya a bakin masallaci aka kira sunanki da guba sau uku, da izininki. Ke ce kika tuna mata goma sha tara da unguwanninsu alhali cikinki yana murɗawa. Da kin yi shiru, wataƙila da mun binne 'yarmu muna cewa ciwon haƙori ne, kuma ba wanda zai taɓa zarginki. Kin san haka sarai lokacin da kika yafa mayafi. Uwar 'ya'yan unguwa, Ibtisam tana aji biyu a firamare yanzu, ita ce mai surutun ajinsu.

A wannan wata Goggo Hajo take ajiye aiki. Yanar ido ta rufe mata gani, ba ta iya bambanta sassaƙen marke da na kirya sai da hannu, ta ce wannan bai isa a ba ɗan mutum magani ba. Mariyamu za ta ci gaba. Makon jiya na je na gaya mata zan rubuta wani abu a kanta. Ta yi dariya ta ce me za a rubuta a kan mai dafa itace. Da na tashi tafiya sai ta kira ni.

"Audu, in za ka rubuta, kada ka tsallake buhun. Ka ce ni na dafa ban sansana ba. Wata tana can tana dahuwa da mura."

Na rubuta, Goggo, ban tsallake ba. Mun gode, ni da Raihana da sauran gidaje goma sha takwas. Allah ya ba ki lafiyar ido, ya sa ki gama da duniya lafiya. Ku kuma da abin da ke shiga bakin yara yake bi ta hannunku, mai jiƙo da mai shago da mai farar riga, kowa yana iya kuskure wata rana. In ranar ta zo, kada ku tsaya lissafin sunanku. Ku fita ku faɗa da ƙarfi, tun yaron yana numfashi.